Haƙoran Giyar Auta

Shekarun Auta arba'in da shida, amma har yau ba mai kiransa da wani suna sai Auta, kuma shi ma bai taɓa yin abin da zai sa a canza masa ba. Ya yi gadi, aka sallame shi saboda barci. Ya sayar da katin waya, rabi ya ƙare a kiran abokai. Ya koyi walda wata huɗu, ya ce hasken na ɓata masa ido. Daga ƙarshe yayarsa ce ta sake ɗaukarsa, kamar yadda ta goya shi yana majina.

Kajin ƙwai Yaya take kiwo, ɗari uku, a wani dogon ɗaki bayan gidanta. Tun da mijinta ya rasu da su take riƙe gida, har da gidan Autan. Kusan duk ƙwan wuri ɗaya yake zuwa, gidan burodin da ke saman tudu in an haye gada. Mai gidan burodin ba shi da yawan magana. Sharaɗinsa ɗaya, kiret takwas su iso kafin bakwai na safe, don lokacin ake kwaɓi na biyu. In wannan ciniki ya kuɓuce, Yaya ba ta da inda za ta kai ƙwai haka kullum. Kaji kuwa ba su san a jira ba, ci kawai suke yi.

Aikin Auta ke nan: ya ɗaure kiret a bayan keke da roba, ya hau tudu, ya sauke, ya dawo. Shekara biyar yana yi a kan wani baƙin keke mai giya, mai nauyin tsiya, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Yaya har ta fara cewa a ranta ashe akwai abin da yaron nan ya iya.

Sai ya sami babbar waya.

A cikinta ya ga wasu sirara sanye da kaya kamar an tsoma su a fenti, suna hawan dutse a keke ba ko haki. Daga ranar ya gano abin da ya hana shi ci gaba a duniya: nauyin keke. Ya cire madigadi. Ya cire ƙararrawa. Ya cire ƙarfen jingina, sai dai ya kwantar da keken a ƙasa kamar mara lafiya. Duk abin da ya cire sai ya ɗora a sikelin da Yaya ke awon abincin kaji, ya tsaya yana kallon allura yana gyaɗa kai, kamar likita.

Ana nan ya yi odar haƙoran giya, tarin faya-fayan nan na ƙafar baya da sarƙa ke hawa in an sa giya. Mafi araha ya zaɓa cikin marasa nauyin. Suka iso a kwali, ruwan zinari, duk jikinsu huda. Ya auna tsoho, ya auna sabo, ya kira Yaya ta zo ta ga ikon Allah. Ta duba allurar, ta ɗauko ƙwai tana ɗorawa har ta cike gurbin.

"Ƙwai huɗu," ta ce. "A kan nauyin ƙwai huɗu ka kira ni daga wurin aiki? Wannan tumbin da ke gabanka fa, shi ba a cire shi da sifana?"

Ya ce mata ba za ta gane ba, abu ne na ilimi.

Baba mai gyaran keke, wanda ya shekara talatin a ƙarƙashin rumfa ɗaya a bakin titi, shi ya ɗaura masa, amma sai da ya faɗi tasa. Ya ce ƙarfen mai laushi ne, an yi shi don 'yan tsere da ba su ɗauke da komai sai ransu. Ya ce sarƙar keken ta tsufa ta miƙe, in aka haɗa ta da sababbin haƙora cinye su za ta yi, a sake ta tukuna. Ya ce kuma irin wannan sai da goga da ɗigon mai duk mako. Auta ya saurara yana murmushin tausayi. Da ya dawo gida ya ce tsohon zamaninsa ya wuce, bai taɓa ganin irinsu ba shi ya sa.

Sarƙa dai bai sake ba. Mai kuwa ya ce yashi yake kwasa, kuma shi ma nauyi ne. Kullum da la'asar sai ya zauna da buroshin haƙori da garin sabulu ya wanke faya-fayan tas, ya bar su a bushe suna ƙyalli. Mutumin da sai matarsa ta yi masa gori yake wanke nasa bakin.

Cikin mako biyu ƙara ta fara. Da fari ƙis-ƙis, daga baya ƙarar-ƙarar kamar ana jan kwano a kan siminti. Tun daga kwana ake jin zuwansa. Kajin Yaya in sun ji sai su tashi fir su taru a kusurwa, ƙwai ya fara raguwa. Maƙwabta suka daina saita agogo. Da Yaya ta yi magana, ya ce ai masu tsadar ma haka suke kuka, ya gani a waya, alamar inganci ce.

Sannan sarƙa ta fara tsalle. In ya danna feda a tudu sai ta zame, ƙafarsa ta tafi a banza. Ya makara sau ɗaya, mai gidan burodi ya kau da kai. Ya makara na biyu, mutumin ya kira Yaya da kansa, ya gaishe ta da mutunci, ya ce kwaɓi ba ya jiran kowa, kuma akwai mai mota da ke ta yi masa nacin kawo ƙwai. Na uku ba zai kira ba.

Ranar da yamma Yaya ta yafa mayafi ta tafi rumfar Baba. Ashe tsohon ya ajiye tsofaffin haƙoran ƙarfen a cikin gwangwanin kananzir, ya ce ya san za a dawo nemansu. Ya kwatanta mata da yatsa yadda irin na ruwan zinarin ke cinyewa, su kwanta gefe guda. Ta sayi sabuwar sarƙa, ta haɗa duka a leda, ta dire a gaban Auta, ta ce gobe kafin ya taɓa kiret ɗinta ya kai a mayar.

"Yaya, ki bar ni da abina, na gano matsalar," in ji shi. "Dakushewa suka yi. Wasawa kawai suke so."

Ta ce ita dai ta gama magana. Ya ce to. Auta bai taɓa rasa "to" ba. Da ta shiga ciki ya ɗauko magagari ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya goge ɗan abin da sarƙa ta rage, har suka yi tsini. Ledar ya rataye ta a ƙusa.

Washegari tana ɗakin kaji ya ɗaure kaya ya fice. Ƙarar ce ta gaya mata bai je wurin Baba ba, amma kafin ta fito ya sha kwana. Bakwai da kwata wata mai shago a gindin tudu ta kira ta. Ta ce ƙaninta ya miƙe tsaye a kan feda a tsakiyar hawa, sarƙa ta kuɓuce, shi da keke da kaya suka kife. Shi lafiyarsa lau, gwiwa ce kawai ta ɗan goge.

Yaya ta tattara ƙwan da aka yi da safen, kiret biyu da 'yan kai, ta tari mota. A hanya ta ga wurin, kwalta ta yi rawaya, ƙudaje har sun hallara. A ƙofar gidan burodi wata farar mota na tsaye ana sauke kiret. Mai gidan ya fito, ya yi mata sannu, ya tambayi jikin Auta. Ya karɓi biyun don kada ta koma da su. Ya ce shekara biyar ba wasa ba ce, amma ta yi haƙuri.

Da ta dawo ta tarar da Auta a tsakar gida, keke a kife, yana tsane kwaiduwa daga tsakanin faya-fayan da buroshi.

"Allah ya taƙaita, Yaya," ya ce bai ɗago ba. "Haƙora uku kawai suka karye. Amma gaskiya kiret takwas ya yi wa irin wannan yawa, da ma na so in gaya miki."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, inda furfura ta fara fitowa. Ta ce ya ɗauki kekensa ya fita, kuma gobe kada ya zo, babu abin kaiwa. Daga nan ta wuce ɗakin kaji, ta kira mai sayen kaji na kasuwa, ta ce ya zo da keji babba, ɗari biyu za ta fitar.