Kafintan da Ya Shayar da Fuskar Itace

Duk wanda ya yi aiki a masana'antar ƙofofin nan ta kudancin Riyadh ya san Dalhatu, kafintan da ko gobara ta tashi sai ya gama goge hannunsa. Bazazzagi ne, ɗan masassaƙin turmi, ya zo a 2011. Shugaban aiki ya yi ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, har ya gaji ya ƙyale shi, don ba a taɓa dawo da ƙofar da Dalhatu ya yi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, Shabani, direban masana'antar, mutumin Kwango, ya ja shi gefe ya kwance wani ƙyalle. Fuska ce ta itace, kamar tafin hannu, shafe da farar ƙasa, da gemun zare. Ta tsage daga goshi har haɓa.

Shabani ya ce shi ɗan ƙabilar Lega ne, daga dazukan Shabunda. Irin wannan fuska dattijon da ya kai matsayi ke ɗaura ta a damtse ranar taro, in ya mutu ta koma hannun magajinsa. Kawunsa ne ya damƙa masa ita lokacin da yaƙi ya watsa ƙauyensu. Yanzu dattawa sun aiko a maido ta, saura kwana arba'in ya tashi.

"Da wane ido zan miƙa amanar mutane a tsage?" in ji shi.

Zayyanu, abokin ɗakin Dalhatu, ya leƙo ya taɓe baki. "Malam, ina ruwanka da gunki? Ka ɗiga mata super glue, khalas, shi ke nan!"

"Ba bauta mata zan yi ba, ajiyar mutane ce," in ji Dalhatu. "Kuma ƙishirwa ke damunta. Itacen da ya saba da ruwan sama aka kawo shi garin da ko gumi ba ya kwana."

Ya haɗa ɗan akwati, ya sa jiƙaƙƙen soso a murfin kwano daga gefe, ya kwantar da fuskar ya rufe. Kullum da safe ya jiƙa soson. Mako biyu shiru. Shabani ya rame, Zayyanu kuwa ba ya wucewa sai ya ce, "Yaya mai jinya?" Gaskiya shi kansa Dalhatu tsoro ya kama shi, amma ya ƙi matsa itacen.

A rana ta talatin da uku ya ɗaga murfi ya yi kabbara. Tsagar ta haɗe, saura layi kamar silin gashi. Ya shafa gam ta baya, ya ɗaure da zare, ko taɓa farar ƙasar bai yi ba. Da akwatin Shabani ya hau jirgi.

Bayan wata guda saƙon murya ya shigo wayar Dalhatu: ganguna, guɗa, sai muryar Shabani. Ya ce dattawa sun juya fuskar sun ga aikin, sun ce duk wanda ya yi wannan ya san girman abin da ya riƙe, don haka sun sa sunansa cikin waɗanda suka adana ta. Sai ga wani tsoho yana kokawa da sunan: "Da-la-tu."

Dalhatu ya miƙe cike da farin ciki. Ya kai wayar kunnen Zayyanu ya sake kunnawa, har sau uku.