Ni Na Ɗauki Hoton, Ba Baba Ladan Ba

Da safen nan ina buɗe shago waya ta shigo daga Gashua. Baba Modu Ladan ya rasu.

Ya Fanna ce ta kira, wadda ke jagorantar matan unguwar da ke dafa wa baƙin masallaci abinci. Ta ce da kansa ya kira sallar Asuba, ya koma gida ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo mota Mai shi ya karɓi abinsa. Ƙarfe tara za a kai shi, in ji ta. Na duba waya, tara saura kwata, ni kuma ina Nguru.

Na Allah ne mu duka, wurinsa za mu koma. Ko jana'izar ban samu ba.

Tun ɗazu nake zaune a bencin shago, ban kunna komai ba. Masu kawo gyara suna zuwa ina ce musu su dawo gobe. Babu wanda ya san Baba a layin nan, balle in samu wanda zan ce wa ka tuna kaza.

Akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa, kuma yau dole in faɗe ta. Akwai wani bawan Allah a wani wuri da yake riƙe da Baba a zuciya kan laifin da ba Baba ya yi ba. Ni na yi. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Da yawanku da gyaran waya kuka san ni. Kaɗan ne suka san na taɓa yin wata biyar ina kwana a wani ɗaki a bayan masallaci.

Shekarar da ruwa ya yi ɓarna a Gashua, ɗakin da nake haya ya zube, kayan aikina suka tafi. Matata ta kwashi yara ta koma gidansu a Katuzu. Ni kuma girman kai ya hana ni dawowa Nguru hannu biyu. Sai na koma zaman masallaci: in an idar da salla kowa ya watse, ni in ci gaba da jan carbi kamar wani babban waliyyi, alhali wurin zuwa ne ba ni da shi.

Rana ta biyu bayan La'asar wani dattijo siriri mai ɗingishi ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya kalli sukundireban da ke leƙowa daga aljihuna.

“Ɗana, ka iya lantarki?”

Na ce na ɗan taɓa.

“Lasifikar nan ta dame ni. Gyaranta zai ɗau kwanaki. Akwai ɗaki a baya, ka zauna har ka gama.”

Waya ɗaya ce ta cire. Ko minti goma gyaran bai ci ba. Baba ya kalla ya ce a'a, irin wannan sai an sa mata ido, tana iya sake cirewa. Haka na yi wata biyar ina sa wa lasifika ido. Sai bayan na bar wurin Ya Fanna ta gaya min tana dariya cewa da hannunsa ya cire wayar.

Haka yake aikinsa. Ba ya tambayar sunanka, ba ya tambayar garinku, ba ya tambayar me ya faru. Aiki zai ba ka, ya kira ka da sunan aikin. A ɗakin nan akwai Mai Shara, akwai Mai Tabarma, akwai Mai Buta. Ni ne Mai Lasifika, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da wani suna ba. Duk wanda ya gan mu a unguwa, ma'aikatan masallaci yake gani.

Abinci kuwa matan unguwa ke juyawa, yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Ranar Lahadi matan zumunta na wani coci da ke bayan tasha su ke kawowa. Amma ko su ko su Ya Fanna, babu wadda ta taɓa ƙarasowa ƙofar ɗakin. A bakin titi Baba yake tsayawa ya karɓi kwano, ya yi godiya, ya shigo da shi da kansa yana ɗingishi. Mai dafawa ba ta san wa ya ci ba, mai ci bai san wa ta dafa ba.

Kuma bai taɓa cewa ga sadaka ba. Sai ya ajiye burabuskon a tsakiya ya ce, “Ku zo ku taya ni, likita ya hana ni cin abinci ni kaɗai.” Babu wani likita. Baba ko allura gudunta yake.

Mai Buta shi ne wanda nake son ku riƙe. Dogo ne, ba ya son magana, ya haura hamsin. Riga biyu gare shi, amma kullum fes, yana ninke ɗaya a ƙarƙashin tabarma ta kwana ta miƙe. Aikinsa cika butocin alwala kafin kowace salla. In an wuce da shanu zuwa kara, daga nesa zai faɗi shekarun sa, ya faɗi ko daga ƙetaren iyaka aka kawo shi, sai kuma ya yi shiru kamar ya yi suɓutar baki. Mun gane ba ƙaramin mutum ba ne a da, amma babu wanda ya tambaya.

Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya lulluɓe ni da mayafinsa, ya riƙa jiƙa min tsamiya. Kwana uku yana kaina.

Daga baya Allah ya buɗa min. Na dawo Nguru, na buɗe shagon nan, iyalina suka dawo. Duk Juma'a ta biyu nakan hau mota in je Gashua in taya Baba abin da ya samu.

Da damina ta kama, rufin ɗakin ya fara zuba. Mutane bakwai suna takure a kusurwa ɗaya. Na ce Baba mu nemi taimako, ya ce Allah zai kawo. Ni kuma a raina na ce tsoho bai san zamani ba, ni da nake da mabiya, hoto ɗaya ya isa.

Wata Juma'a bayan an sauko, Baba ya tafi gaisuwar mutuwa. Mutanen ɗakin suna zaune suna cin shinkafa da kifi banda, na tsaya a bakin ƙofa na ɗauka. Ban tambayi kowa ba. Daidai lokacin Mai Buta ya ɗago kai, loma a hannu. Na ɗora a shafina, na rubuta: ga bayin Allah marasa muhalli, a taimaka.

Ni da na kwana a ɗakin nan. Ni da aka cire wa wayar lasifika don kada in ji kunya.

An taimaka kuwa. Kwanon rufi ya zo, buhunan shinkafa suka zo, tabarmi suka zo. Ina ta kumbura ina amsa addu'o'i. Washegari wani ya yi kwament, ya kama sunan Mai Buta cikakke, da laƙabinsa na kasuwa, da garinsu can wajen Machina. Ya ce ashe nan ya ƙare, mutumin da ya ce wa iyalinsa yana Kudu yana fataucin shanu. Wasu suka zo suna tausayi, wasu suna dariya. Na goge, amma an riga an kwafe an watsa a guruf-guruf.

Ranar Litinin da hantsi, bayan maganar ta isa ɗakin, Baba ya fita karɓo abinci. Mai Buta ya cika butoci kaf, ya jera su, ya ɗauki rigarsa ta ƙarƙashin tabarma. Mai Shara ne ya gan shi a ƙofa, ya ce abu ɗaya kawai ya faɗa: “Ashe Ladan ma tallarmu yake yi.”

Bai koma garinsu ba. An bincika.

Na zaci Baba zai zage ni, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Da na je, yana zaune yana kallon sabon rufin. Ya ce, “Mai Lasifika, an gode, ruwa ya daina zuba.” Sannan ya ce, “Amma su shida ne yanzu.”

Na ce Baba ai na san sunansa, na gani a waya, bari in gaya maka a neme shi.

Ya ɗaga hannu. “Kar ka faɗa. Bai ba ni ba. In zan ji, daga bakinsa zan ji.”

To ta yaya ake neman mutum ba suna? Baba ya samo hanyarsa. Ya ce mutum irin wannan, ko me ya same shi, ba zai bar jam'i ba, kuma ba zai yi nisa da shanu ba. Sai ya riƙa bin kasuwannin dabbobi ranar da suke ci. Ya bar wani ya kira masa Azahar, ya hau akori-kura ko bayan mashin da ƙafar nan tasa, ya je ya zauna a wurin alwalar masallacin kara yana kallon masu zuwa, har a tayar da salla. Shekara biyu yana wannan.

Ni kuwa sai na janye jiki. Juma'a ta biyu ta koma ta huɗu, ta huɗu ta koma sai da Salla. Ina cewa aiki ne ya yi yawa. Kunya ce. Kuma ban taɓa fitowa a nan, inda na yi ɓarnar, na ce ni na yi ba.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan. Ranar kasuwar nan ta Nguru, bayan Azahar, sai ga shi a ƙofar shago, ƙafafu duk ƙura, ya rame. Wani ya ce masa ya ga mai kama da mutumin a kara. Ba shi ba ne.

Ya zauna a bencin nan da nake kai yanzu. Na aika aka kawo shayi, ya sha rabi. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya tsokane ni wai na yi tumbi, lasifikar ma ba za ta gane ni ba.

Da zai tashi ya dafa kafaɗata. Ya ce, “Ƙafar nan ta kusa ƙin zuwa. In Allah ya haɗa ku, ka ce masa ban san za a ɗauka ba. Ba na so in tsaya gaban Ubangiji yana riƙe da ni.”

Na ce in sha Allahu, Baba.

“Kai ma ka daina gudu na. Ni ban riƙe ka ba.”

Na raka shi tasha, na ce Juma'a mai zuwa ina nan tafe. Juma'a uku suka wuce ban je ba.

Yau ina jin kaɗaici irin wanda ban ji ba ko lokacin da ba ni da wurin kwana. A lokacin akwai wanda ya lura.

Ba ni da hanyar Baba, ba ni da haƙurinsa. Abin da nake da shi wannan shafin ne, kuma ta nan maganar ta isa kunnen da bai kamata ba, wataƙila ta nan za ta isa wanda ya kamata.

Don haka, Mai Buta, in kana karantawa, ko wani yana karanta maka: Baba Ladan bai san da hoton nan ba. Ba ya nan aka ɗauka. Ni ne, Mai Lasifika, wanda ka yi jinyarsa. Ni na ɗauka, ni na ɗora, ban shawarci kowa ba. Ya neme ka kasuwa-kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya mutu bai yarda an gaya masa sunanka ba. In akwai abin riƙewa, ni za ka riƙe. Shi ka sake shi, don Allah, yau ne kwanansa na farko a kabari.

Ba sai ka neme ni ba, ba sai ka amsa ba. Ka faɗa tsakaninka da Allah, ya isa.

Ku kuma 'yan'uwa, roƙona biyu. Wanda ya san mutumin nan, kada ya rubuta sunansa a ƙasa, zan goge. Ku isar masa a asirce in kuna da hanya. Masu tambayar hoton Baba kuma ku yi haƙuri, babu hoto a wannan karon.

Ya Allah, bawanka Modu ya rufa wa bayinka asiri a duniya, Ka rufa masa nasa. Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka masa, Ka karɓe shi ba tare da tonon tambaya ba. Ka kula da mutum shidan da ya bari a ɗakin nan, da matan da suka ɗora tukunya yau ba su san wa zai tsaya a bakin titi ya karɓa ba. Wanda ya tafi kuma, duk inda yake, Ka ba shi inuwa, Ka sanyaya zuciyarsa.

Wanda ya karanta, ya tsaya ya yi wa Baba Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. In da saura, ku sa da ni.