Ƙwaryar Sakaina da Guntun Ƙaho

Duk ranar da wani ya ce mini sana'ata sata ce, kakata Inna Hajo nake tunawa, sai in ji bakina yana ƙaiƙayi. Aikina haɗa kiɗan hip-hop ne. Nakan nemo tsofaffin fayafayan jaz, wani kiɗan bushe-bushe na ƙasashen waje, in yi ta saurare har kunnena ya kama wani ɗan guntu mai daɗi. Sai in nemi izinin masu shi, in yanko shi a kwamfuta, in rage masa gudu, in sa ya riƙa maimaita kansa, in shimfiɗa ganga a ƙarƙashinsa, mawaƙi ya hau. Mutane suna zaton a Kano na koyi wannan. A ƙauyenmu na koya, can gaba da Karare, a bakin murhu.

Shekarun fari ne. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, rumbunmu ya koma wurin ɓuyan kaji. Da dare kwaɗon tafasa muke ci da ɗan garin rogo, mu kora da ruwa mai yawa don ciki ya yi shiru. Mahaifina malamin makaranta ne a Safana, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Wata rana ya zo da rakoda da kaset guda, wanda wani abokin aikinsa ɗan Ghana ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Babu waƙa a ciki, sai bushe-bushe da kaɗe-kaɗe da ba mu san kansu ba. Muka saurara, muka yi dariya, muka ce masu kiɗan faɗa suke yi da juna.

Inna Hajo ba ta yi dariya ba. Tana zaune tana tura kara a wuta, can tsakiyar kaset ɗin sai ta ɗaga hannu. Wani ƙaho ne ya fito shi kaɗai, ya hau sama a hankali, ya sauko kamar mai ajiyar zuciya, sannan sauran kayan kiɗan suka rufe shi.

"Maigidana," ta ce mini, don haka take tsokanata, "mayar da shi baya. Wanga mai busa shina jin yunwa, irin tamu."

Batir ya yi tsada a lokacin, ba a ɓata shi wajen mayar da kaset baya. Sai in zare kaset ɗin, in zura biro a raminsa, in juya da hannu. Da farko nakan wuce wurin ko in kasa kaiwa, ta harare ni ta ce miji irina ba ya riƙe gida. A hankali hannuna ya gane. Ƙahon ya busa, in tsayar, in juya, in mayar, ya sake busawa. Ragowar kaset ɗin kuwa ko oho, ba ta taɓa neman ji ba. Wannan guntun kaɗai take so, kuma a kansa ta ɗora tatsuniyar da ta fi kowace zama a raina.

Bayan sallar isha'i takan kife ƙwarya a gabanta ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."

Wai Yunwa ce ta sauka a wani gari, doguwar mace mai ƙafafu kamar karan dawa. Duk gidan da ta ji ƙarar turmi sai ta shiga ta lashe. Mutane suka watse, kowa ya kama gabansa, aka bar wata tsohuwa mai ɗinkin ƙwarya ita kaɗai. Tsohuwa ta bi kangon gidaje tana tsintar sakaina, fasassun ƙoren da aka zubar, ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Ta ɗinke su suka zama ƙwarya guda, mummuna, duk tabo. Da ta buga, sai kowace sakaina ta yi magana da muryar gidan da ta fito. A nan Inna takan yi mini alama da haɓa, in saki ƙahon. Sai ya sauke numfashinsa, sannan ta shiga, tana bugun ƙwarya:

"Sakainar gidan Dela, amsa.
Sakainar gidan Tanko, amsa.
Wanda ya tahi bai mutu ba."

Yunwa ta ji gari ya cika da muryoyi, ta zaci kowa ya dawo da hatsi ya fi ƙarfinta, ta tattara ƙafafunta ta gudu. Waɗanda suka yi nisa suka jiyo sautin ƙwaryar iyayensu, suka juyo gida. Da suka iso, maimakon godiya sai wasu suka ce tsohuwa ta sace musu sakaina. Ta ce, "A juji na tsince ta. Mai son tashi ya zo ya ɓalle, in ya so gari ya koma shiru." Babu wanda ya miƙa hannu. Inna takan rufe da cewa, "Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka."

Wanda bai so ba shi ne Baffa, yayan mahaifina, ɗanta na fari. Wani dare ya tsaya a kanmu, ransa a ɓace, ya ce abin kunya ne tsohuwa kamarta tana rera waƙa a kan bushe-bushen wasu mutane da ba a san addininsu ba, ga gari ana cikin baƙin ciki. Inna ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, ko kallonsa ba ta yi ba. Wuta ta kalla.

"Ku gaya ma mai maganar can, fari ya cinye mini gero, ya cinye mini awaki. Bakina bai ci ba. Ɗiyan nan in sun ji tatsuniya suna barci ba kuka. In shina da abin da ya fi wanga, ya kawo in dafa."

Baffa ya juya ya tafi. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Ta ce, "Mi kake kallo? Mayar da shi baya."

Inna ta rasu ina makarantar sakandare, kaset ɗin ya tsinke tun kafin nan. Sai da na yi shekaru ina tonon tsofaffin fayafayai kafin na sake cin karo da ƙahon, na gane shi tun busar farko, na zauna na yi kuka. A lokacin wata wahalar ce ta sauka, wadda ta fi fari. 'Yan bindiga sun hana noma, ƙauyenmu ya watse, danginmu suna raɓe a gidajen mutane cikin Batsari. Yaranmu suna tasowa ba su san ƙofar gidan kakanninsu ba, balle waƙar sakaina. Na yanko ƙahon, na buga ƙwarya da hannuna, na sa wata yarinyar ƙauyenmu ta rera. Na sa sunayen gidajenmu na gaske a ciki.

Labari ya kai wa Baffa. Ya aiko cewa bai yafe ba in na saki waƙar uwarsa cikin shirmen zamani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ne babba a gidanmu, in ya hana ta hanu, kuma in ta hanu ta mutu ke nan, don mu da muka ji ta daga bakin Inna mun kusa ƙarewa. Na hau mota zuwa Batsari. Na same shi a ɗan ɗakin da aka ba shi aro, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi jiki, na yi masa jajen gida da gona.

Na ce, "Baffa, ban zo gardama ba. Amma ba zan binne waƙar ba tare da ka ji ta ba. Ka saurara tukuna."

Na ciro wayata. Na kunna. Ƙahon ya hau, ya sauko, yarinyar ta fara kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, har ta kira nasa. Matan da ke tsakar gida suka bar abin da suke yi suka matso bakin ƙofa. Har ta ƙare Baffa yana murza carbi.

"Kun ɓata ta," ya ce.

Na ɗago na dube shi.

"Yarinyar ta yi gaggawa. Ita Inna sai mai busar ya sauke numfashi take shiga. Ina bayan danga ina ji, kullum." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Mayar da shi baya."