Lamba Biyu a Kwanar Gwammaja

Malam Ilu bakanike ne a Ƙofar Mazugal. Tun yana saurayi yake gyaran Fijo, zamanin da ita ce tasi tsakanin Kano da Katsina. Ƙarar inji ta cinye masa kunne, don haka da tafin hannu yake sauraron mota.

Na kai masa tsohuwar 504 ta ɗana na fari bayan rasuwarsa. Duk sanda aka sauko lamba biyu sai giyar ta yi gurza, kamar ana kartar ƙarfe da ƙarfe. Kwanar lungunmu a Gwammaja kuwa ba ta shiguwa sai da lamba biyu. Da wannan ƙarar mahaifiyarsa take sanin ya dawo. Yanzu ni nake tuƙa motar, amma da ta ji sai ta miƙe ta ɗauko masa abinci, ta tsaya a tsakar gida da kwano a hannu. Ta fara ramewa.

Ilu ya duba man giya, ya taka kuloci, ya ce ba su da laifi. Muka zagaya ta Dala ina tuƙi, hannunsa a kan nawa bisa giyar.

"Malam, kai kana bari kuloci ya kai ƙasa," ya ce. "Mai motar nan ba ya bari. Kullum a wuri ɗaya yake gaggawa."

"Kwanar gida ce."

"Nazeer ke nan. Na sha gaya masa tuwon ba zai gudu ba."

Sunan da alkunya ta hana ni kira yana raye, shi Ilu ya faɗe shi kamar yaron yana kujerar baya.

"Zoben tagulla na lamba biyu ne ya siɗe. In na canza, ƙarar ta tafi ke nan. Ka tabbata?"

Ban tabbata ba. Na ce ya canza.

Ilu ba ya riƙe tsohon kayan mota. Yakan mayar wa mai shi, shaidar an canza. Ya goge zoben da gefen rigarsa ya miƙo mini. Gefe ɗaya ya yi sumul.

Na sha kwanar lungunmu, babu gurza. Na tarar da mahaifiyar yaron tana tsintar shinkafa.

"Malam, yaushe ka shigo?"

Ba ta miƙe ba. Zoben yana aljihuna. Yanzu ni kaɗai nake jin ƙarar.