Mawaƙin da Ya Ƙi La'antar Mai Niƙa

Kakata ta jini tana Jos, ni kuwa a unguwar Parkchester, can ƙasar waje, na yi wayo, sai na ari ta wasu. Kaka Nora tsohuwa ce 'yar Ireland da Umma ke aikin kula da ita. In na taso daga makaranta nan ake ajiye ni, mu raɓe jikin hitar ɗumama ɗaki, tana kurɓar baƙin shayi tana ba ni labaran ƙauyensu. Tsohuwar nan ba ta san labari mai daɗi ba, ko na magani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na wani mawaƙi ne. A wajensu, in ji ta, ana tsoron bakin mawaƙa. In za su la'anci mutum, akwai duwatsu a tsohuwar maƙabarta da suke juyawa ta hagu suna rera waƙar, kuma sai ta kama shi. Wannan mawaƙin ba shi da gida. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, a ba shi abinci da makwanci.

Ƙauyen ya kasu biyu, 'yan Katolika da 'yan Furotesta, kogi a tsakani. Da faɗa ya ɓarke, mutanensa 'yan Katolika suka kai shi gaban duwatsun, wai ya la'anci wani mai niƙa ɗan Furotesta na tsallaken kogi. Ya ce ya ci burodin mutumin a shekarar yunwa, ba zai iya ba. Daga ranar suka rufe masa ƙofofinsu. Ya haye gada, can ma aka kore shi, wai leƙen asiri ya zo. Sanyi ya kashe shi a kan gadar.

Na tambaye ta wa ya saka masa da alheri.

"Ba kowa, 'yata. Mai niƙan ma bai taɓa jin abin da ya faru ba."

Haushi ya sa na kai ƙararta wurin Umma.

Kaka Nora ta daɗe da rasuwa lokacin da rikici ya sake tashi a Jos. Yayana Sani, da bai taɓa barin garin ba, ya ɓoye maƙwabtansa Kiristoci a bayan shagonsa har ƙura ta lafa. Suka tsira, suka koma unguwar 'yan'uwansu, ba su sake nemansa ba. Mutanen unguwarmu kuwa suka daina sayayya a wurinsa, a masallaci ma da ƙyar ake ba shi hannu.

Ranar sunan ɗansa ya kira ni a waya.

"Ke dai faɗa mini gaskiya, na yi daidai kuwa?"

Na ce ya yi, har na rantse, zuciyata na ƙuna. Sai ya ce bari ya je ya naɗe tabarmi, tun safe ba wanda ya zauna a kai.