Ranar da Na Kulle Mahaifina a Ɗakin Sanyi

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da takwas, da 'ya'ya huɗu, da sana'ar kunun aya da zoɓo a Faskari, da taurin kai wanda har yau bai ragu ba. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Tafoki. 'Yan bindiga suka tashe mu a shekarar da maigidana ya rasu, na kwaso yara da mahaifina, wanda kowa ke kira Baba, muka dawo gari. Na rubuto muku ne domin labarina ya zaga kasuwanni uku, kowa yana ba da shi yadda ya ga dama, kuma har gobe yayana yana nan a kan sai na rushe ɗakin da nake ci da marayuna da shi. Ba zan rushe ba. Amma laifina zan faɗe shi da bakina, ba sai wani ya taya ni ba.

Duk mai kunun aya ta san halinsa. Ka dama da safe, in bai samu sanyi ba, kafin azahar ya yi tsami, robar ta kumbura. Ƙanƙara daga Funtua ake kawo mana, ranar da hanya ta yi ƙamari kuwa ba mota, sai in tsaya ina kallon wahalata ana tuttular da ita a kwata. Firji biyu nake da su, ba sa ɗaukar rabin abin da nake damawa. Wata rana a Funtua na ga ɗakin sanyi wurin masu kifi, ɗaki sosai wanda mutum ke shiga da ƙafarsa, na dawo gida ba abin da nake gani sai shi. Da na faɗa aka yi ta dariya, wai mai kunu za ta gina wa kunu ɗaki alhali ita tana kwana da yara huɗu a ɗaki ɗaya. Na sayar da shanu biyun da muka tsira da su, na haɗa da adashena, na kira mai aikin irin wannan ɗaki daga Funtua.

Mutumin mai gyaran firji ne, dattijo mai haƙuri. Ya sa aka ja bulo a kusurwar tsakar gida inda inuwar darbejiya ke faɗawa, ya liƙe bango da rufi da alluna masu soso a tsakiya, ya shimfiɗa soso a ƙasa kafin a zuba siminti, ya bi kowace kafa ya toshe, sannan ya ɗaura injin da sola. Baba yana zaune kan buzunsa yana kallo, yana tsokanata wai ya ga rumbun gero ya ga na dawa, bai taɓa zaton zai rayu ya ga rumbun sanyi ba. Rigimarmu da mai aikin a kan ƙofa ta tashi. Ƙofar da ya kawo tana da roba a gefe da wani maɓalli daga ciki, in ka danna sai ta buɗe, amma ba ta da wurin kwaɗo. Na ce wannan ai ƙofar wasa ce. Ya ce mini, "Hajiya, ɗakin nan ko ihu aka yi cikinsa ba a ji a waje. Kada ki sa masa sakata." Na ce to, na sallame shi da godiya. Motarsa ba ta kai Funtua ba na aika aka kira mai walda, ya ɗaura mini sakata mai kauri daga waje, da kwaɗo.

Wanda bai taɓa gudu da yara a hannu ba zai ce wauta ce, kuma wauta ce ɗin. Amma mu da aka tasa, hannunmu ya koyi wani abu da kanmu bai sani ba. Ba na iya wuce ƙofa a buɗe. Ko ta kicin ce, ko ta bayi, sai na ja ta na danna sakata, sau da yawa ban ma san na yi ba. Na kuma kafa doka a gidan cewa ba mai shiga ɗakin sai da izinina, domin duk buɗewa sanyi ne ke fita, batir ke ci. Na yi wa matan da ke taya ni aiki faɗa a kan haka har gaban Baba, da murya sama. Ashe yana ji, yana ajiyewa.

Ɗakin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Kunu ya kwana biyu bai canza ba, na fara aika kaya Sabuwa da Damari, masu dariya suka koma kawo mini nama da madara in ajiye musu. Sai azumi ya zo cikin tsakiyar bazara. Baba ya haura saba'in da biyar, kuma tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, abin da yake alfahari da shi ke nan a duniya. Zafi yana wahalar da shi, sai ya jiƙa rawani ya ɗora a ka. Ban san ya samo dabara ba: bayan azahar, in mata sun buɗe kwaɗo suna ɗibar kaya, sai ya lallaɓa ya shiga ya ja ƙofa, ya ɗan zauna kan akwatin robobi, ya fito kafin in gani. Tsoron bakina ya hana shi gaya mini. Ranar sha biyu ga wata ina sauri in kai kaya tasha, na wuce na ga sakata a zare. Na yi tsaki, na ce matan nan ba sa jin magana, na danna, na sa kwaɗo, na ɗaure makulli a haɓar zane. Takalmansa suna nan bakin ƙofar, a jere, yadda yake ajiye su in zai shiga ɗakin mutane. Tsallake su na yi.

A tasha direba ya ce ba zai tashi ba sai motoci sun taru su bi juna, na zauna ina gadin kayana. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Ina shiga na tarar da wani dattijo maƙwabcinmu yana sallama, yana tambaya ko Malam lafiya, ba a gan shi a sahu ba. Muka duba ɗakinsa, muka duba bayi, muka aika gidan da yake zuwa hira. Matan aiki suka ce tun azahar injin markaɗe ke kunne, ba su ji komai ba. Ina tsaye tsakar gida idona ya sake faɗawa kan takalman nan, na ruga bakin ƙofar. Ban iya kwance makullin ba, da haƙori na yage zanen. Yana zaune a ƙasa tsakanin akwatuna, ya lulluɓa da buhunan aya, carbi a hannu, leɓensa ya yi baƙi, ko rawar sanyi ya daina yi. Bayan yatsunsa duk ya saɓule wurin bugun ƙofa, maɓallin nan na ciki kuwa ya danna shi har ya karye.

Muka fito da shi, muka rufe shi da duk bargon da ke gidan. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ta ce tunda yana gane mutane a ba shi shayi mai ɗumi da sukari yanzu-yanzu. Baba ya datse baki, ya ɗaga yatsa yana nuna rana, saura kaɗan a sha ruwa. Na durƙusa na riƙe haɓarsa na ce, "Baba, buɗe bakinka, zunubin a kaina." Ya dube ni, ya buɗe, hawaye na bin gemunsa. Ya yi kwana tara a asibiti, sanyin ya kama masa ƙirji. Ya tashi, amma likita ya ce da irin maganin da zai riƙa sha da yadda ƙirjin ya koma, shi da azumi sun rabu ke nan.

Yayana ya zo daga Sabuwa da kawunmu, aka zaunar da ni. Suka ce son duniya ya rufe mini ido, na sa ubana a firji kamar kifi, gari ya ɗauka, ba inda za su shiga ba a nuna su ba. Hukuncinsu shi ne a rushe ɗakin, a sayar da injin, in koma dama ɗan abin da robar sanyi ɗaya za ta ɗauka. Na bari suka gama. Na ce na yi laifi, kuma zan amsa shi gaban Allah, amma ranar da muka fito daga ƙauye ba wanda ya ce in kawo masa Baba ko yaro ɗaya, ɗakin nan ne ya riƙe mu, kuma ba wanda zai ɗora masa guduma ina numfashi. Yaya ya ce to a tambayi mai abin. Baba yana kwance, ya ce, "Ku bar ma ɗiyata ɗakinta. Ɗaki bai da hannu." Su sun ji yafiya, suka tashi suna gunaguni. Ni na ji sauran maganar, kuma gaskiya ya faɗa.

Washegari na kira mai walda ya yanke sakatar a gabana, mai aikin ya zo ya sa sabon maɓalli, bai ce mini ai na gaya miki ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. An sace mini kaya sau biyu tun daga nan, ban ko ɗaga kai ba. Yaya har yau ba ya shan abin da ya fito daga gidana, wasu kuma sun daina saye. Su sha ruwan randa, ba zan bi kowa ina roƙo ba.

Ga masu shirin gina irin wannan ɗaki, kuma na san suna da yawa yanzu da sola ta wadata, ku gina, sana'a ce mai albarka, kada dariyar kowa ta hana ku. Amma duk ƙofar da mutum zai shiga, ta zama yana iya buɗe ta daga ciki, kuma kafin ku rufe ku leƙa ku yi magana. In wanda ya san aiki ya hana ku abu, kada ku ce masa to da baki. Kada kuma ku zama masu faɗan da tsoho zai riƙa ɓoye muku buƙatarsa. Wannan shi ne azumi na uku da Baba bai yi ba. Ina ciyarwa a madadinsa kullum, malamai sun ce ya wadatar, shi ma bai taɓa yi mini gori ba. Amma da rana tsaka, gari duk yana azumi, dole ya ci abinci ya sha magani, kuma juya fuskarsa yake yi ga bango kada jikokinsa su gani. Matan aiki sun sha cewa in bari su kai masa. Ban yarda ba, ni nake kaiwa, kuma ina tsayawa har ya gama.