Mita Ukun da Haladu Ya Ɓoye

Wata rana, a wata masana'antar rodi da ke Sharaɗa a Kano, wani baƙo ya shigo da ƙaramin akwati a hannu da hular kwano a kai.

Malam Haladu ne ya fara hango shi.

Daga sama yake ganin komai. Shekara goma sha bakwai yana tuƙa injin ɗaga kaya, ƙaton ƙarfen nan da ke gudu a kan dogo can kusa da rufi, yana kwasar damin rodi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗan ɗakin direba a maƙale yake a jikin injin. Mutum ɗaya yake ci.

Manaja ya tara ma'aikata ya gabatar da baƙon. Sunansa Injiniya Nafi'u. Ya zo dasa na'urar leza mai auna nisa.

Za a ɗaure ta a jikin injin, ta riƙa jefa ɗan ɗigon jan haske a kan wani farin faranti da za a kafa a bangon ƙarshe. Da zarar injin ya kusanci bangon, ita za ta yanke masa wuta ta tsayar da shi.

"Don lafiyar kowa," in ji manaja.

Haladu ya ji. Ya kuma lura manaja bai kalli inda yake ba lokacin da yake faɗa.

Sallau mai walda ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Sarkin sama, ka fara koyon tuƙa adaidaita. An kawo wanda ba ya ciwon baya, ba ya neman izinin zuwa suna."

Aka yi dariya. Haladu ma ya yi, amma iya haƙora.

Yana da 'ya'ya bakwai, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan.

Tun daga nan ya sa wa baƙon ido.

Abu na farko da Injiniya ya yi, ya je wurin babban makunnin wutar injin ya kashe. Ya ciro kwaɗonsa na kansa ya garƙame, ya jefa makullin a aljihu.

Ya ce kada wani ya kunna bisa kuskure alhali mutum yana sama.

Haladu ya ce a ransa: yau ga shi an kulle mini injina a gabana.

Injiniya ya ɗaura bel ɗin tsaro, ya hau tsani. Ya kafa na'urar can sama da tsayin kan mutum, ya ɗaure notinanta har sai da ya girgiza ta da hannu biyu ba ta motsa ba. Ya ce hasken bai kamata ya bi ta inda idon mutum zai tare shi ba.

Haladu ya ce a ransa: ya sa ta inda hannuna ba zai kai ba.

Akwai wani guntun madubi da Haladu ya ɗaure a jikin ginshiƙi shekaru da dama, yana duba bayansa da shi. Injiniya ya kwance shi, ya miƙa masa da ladabi.

"Baba, a yi haƙuri. In hasken ya faɗa kan madubi, ba mu san idon wa zai koma ba."

Da aka mayar da wuta aka kunna, ɗigon ja ya bayyana a tsakiyar farantin, ƙarami kamar ƙwayar barkono. Haladu ya taka tsani ya miƙa wuya zai leƙa bakin na'urar, yadda ake leƙa tocila a ga ko ta kama.

Injiniya ya tare shi da tafin hannu, da sauri.

"Kar ka kalli cikinta. Ko sau ɗaya. Farantin za ka kalla."

Haladu ya ja da baya. Mutum ya hana ka leƙa abu, to akwai abin da ba ya son ka gani. Wataƙila har da kyamara a ciki, tana kai wa manaja rahoto.

Injiniya ya ja tef ɗin awo daga injin zuwa bango, ya gwada da lambar da na'urar ta nuna. Ya sake ja daga wani wuri. Sau uku. Sannan ya zauna a kan wani bulo, ya buɗe littafinsa, ya kira Haladu.

"Baba, kai ne ka san injin nan. In ya ɗauki cikakken kaya yana gudunsa na aiki, aka kama birki, nisan me yake ƙarawa kafin ya tsaya cak?"

Ga tambayar da Haladu yake jira.

Domin amsar ita ce duk abin da ya mallaka.

Injin nan, in babu kaya, nan take yake tsayawa. Amma in ya ɗauki cikakken dami, sai ya zame mita uku bayan an kama birki. Haladu kaɗai ya san haka. Yana kama birki tun daga ginshiƙi na huɗu, injin ya sulale ya tsaya daidai inda ake so, mutane su ce kai, Haladu gwani ne.

Sau biyu aka gwada wasu direbobi lokacin da ya tafi hutu. Duk su biyun sun daki ƙarshen dogo, rufi ya amsa. Sau biyun kuma aka aika mota har gida aka ɗauko shi.

Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Yanzu ga wani da biro a hannu yana so ya kwashe mita ukun nan ya zuba a cikin akwatin ƙarfe. Daga ranar, ko wa aka ɗora a kujerar nan zai iya.

Haladu ya kalli biron.

"Rabin mita," ya ce. "Bai kai ba ma."

Injiniya ya ɗago ya dube shi, ya dubi dogon. Ya rubuta.

"To zan ba shi mita ɗaya da rabi, don a samu rara."

Haladu ya gyaɗa kai. Lissafinsa mai sauƙi ne. Na'ura za ta kasa, injin ya daki ƙarshen dogo, manaja ya ga an sayar masa da shirme, a kwance ta a mayar. Ƙara kawai za a ji. An saba.

Aka gwada babu kaya. Injin ya tsaya lafiya lau, tun da sauran fili.

Aka gwada da ɗan kaya, a hankali. Ya tsaya.

Injiniya ya duba agogo.

"Saura cikakken kaya da gudun aiki. Wannan ba na yin sa da mutane a ciki. Mu jira ƙarfe ɗaya, kowa ya fita cin abinci."

Ƙarfe ɗaya ta yi. Zauren ya zama wayam. Injiniya ya zagaya da kansa, ya leƙa bayan kowane tarin rodi, ya ja igiya ya tare ƙofa. Aka rataya wa injin dami guda na dogayen rodi.

"Baba, ka taho da gudun da ka saba. Kar ka taɓa birki. Bar ta ta yi aikinta, mu gani."

Haladu ya hau. Ya zauna. Ya ɗora hannu a kan sandar tuƙi.

Sai ya kalli bangon ƙarshe.

Bangon ba na bulo ba ne. Kwano ne, aka yi masa fenti. Tsakaninsa da rufi akwai 'yar tazara, kuma daga kujerar direba kaɗai ake iya gani ta cikinta.

Hayaƙi yana tashi.

A jikin bangon nan, ta waje, Iya Laraba take kafa tukwanenta kullum da rana, saboda nan ne inuwa take. Baƙo ba zai sani ba, don da safe babu kowa a wurin. Duk mutanen da Injiniya ya fitar don ya tsare su, can suka tafi. Suna zaune a benci, bayansu jingine da kwanon.

Haladu ya hango hular Sallau. Ya hango ɗankwalin Iya Laraba tana sunkuye tana zuba wake.

Ya san abin da dami yake yi in injin ya daki ƙarshen dogo da gudu. Injin yana tsayawa, kayan ba ya tsayawa. Lilo yake yi gaba. Waɗancan karo biyun da safe ne, kuma kayan gajere ne. Wannan rodin kuwa tsini ne da shi, kwano ba zai tare shi ba.

Zai iya kama birki a ɓoye daga ginshiƙi na huɗu. Injiniya zai ɗauka na'urar ce ta yi, ya sa hannu a takarda ya tafi. Sai kuma ranar da Haladu ya kwanta zazzaɓi, aka ɗora wani, aka ce masa kar ka damu, akwai na'ura.

Ya ɗauke hannunsa daga sandar.

"Baba, lafiya?" Injiniya ya ɗaga murya daga ƙasa.

Haladu ya sauko. Tsanin bai taɓa yi masa tsawo haka ba.

"Injiniya, mita uku ne."

"Me?"

"Zamewar. Da cikakken kaya, mita uku. Kuma mutane suna cin abinci a bayan kwanon can."

Injiniya ya tafi da sassarfa ya kashe wuta, ya fita, ya zagaya bayan ginin. Da ya dawo, fuskarsa ta canza.

"Me ya sa ka ce rabin mita?"

"In na ba ka mita ukun, me ya rage mini?"

"Baba, birki mai lafiya ba ya zamewa mita uku. Abin da kake ɓoyewa ba sirrin aiki ba ne. Birkinka ne ya cinye."



Shekara da shekaru Haladu yana riƙe da wannan abu kamar gado. Bai taɓa zama ya tambayi kansa ko lalacewa ba ce. Zamewar ta fara ne kaɗan-kaɗan, yana matsar da wurin kama birki baya, ginshiƙi bayan ginshiƙi, yana jin gwanintarsa ce take ƙaruwa.

Aka kira manaja. Makanike ya buɗe birkin a gabansu. Takalmin birkin ya siɗe, ƙarfe yana gogar ƙarfe.

Manaja ya juyo.

"Haladu, tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe, an jima."

"An jima nawa?"

Haladu ya sunkuyar da kai.

Injiniya bai rufa masa asiri ba. Ya faɗi rabin mitar da Haladu ya fara ce masa, ya faɗi mita ukun, ya faɗi abin da ke bayan kwanon. Sannan ya ƙara da cewa shi ma ya yi kuskure, don ya duba cikin zaure bai duba bayan bango ba.

"Yallaɓai, na'urar nan nisa kawai take gani. Ba ta ga hayaƙin can ba. Ni ma ban gani ba. Shi ya gani, ya sauko."

Manaja ya dubi Haladu.

"Je ka gida sati biyu. In ka dawo, za ka koya wa mutum biyu tuƙin nan, komai da komai. In na sake jin akwai abin da kai kaɗai ka sani, ranar za ka ajiye mini hular kwanonka."

Haladu ya tafi gida. Ya dawo.

An canza birki. An sake saita na'urar daga farko, da gwajin kaya iri-iri. An matsar da Iya Laraba gindin wata dalbejiya, tana ta mita wai an raba ta da inuwarta.

Kujerar tana nan, tasa ce. Amma yanzu su uku ne suke hawanta.

Ranar da Injiniya ya zo dubawar ƙarshe, ya lura duk lokacin da injin ya doshi bango, hannun Haladu yana kan birki, ko da yake na'urar ce take tsayarwa.

"Baba, har yanzu ba ka yarda da ita ba?"

"Ban yarda da ita ba."

"Madalla. Kar ka yarda. Haka za ka koya wa sauran."

Darasi:

Zargi ba laifi ba ne a wurin aiki mai haɗari. Laifin shi ne ka ɗora shi a kan mutumin da ya zo gyara, ka bar ƙarfen da ya lalace.

Kuma in akwai wani abu a wurin aikinka da kai kaɗai ka iya lallaɓawa, ka zauna ka bincika da kyau. Mai yiwuwa gwaninta ce. Mai yiwuwa kuma ɓarna ce da ka saba da ita, wasu suna zaune a bayanta suna cin abinci.

Ka tura wa wanda ka san yana aiki da injina. Ka tura wa wanda yake shugabantarsu ma, don mutum ba ya ɓoye irin wannan sai in yana tsoron abin da za a yi masa in ya faɗa.